Injin Jirgin Yaya

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Zagaye ya san halinsa. Ka je karɓar motarka, an gama gyara, an rufe bonet, an goge maiƙon da ya taɓa ƙofa, ka miƙa hannu a ba ka makulli, sai mutumin nan ya jefa shi a aljihun rigar aikinsa ya ce, "Bari in zaga da ita." Ko fulogi ɗaya ya canza sai ya zaga. Ko matarka na naƙuda a gida, haka za ka tsaya a bakin gareji kana kallon bayan motarka tana shan kwana. Zai hau gada ya gangara, ya bi ta hanyar nan mai gargada, ya kashe rediyo, ya karkata kai yana saurare, ƙafarsa a kan totur tana jin abin da injin ke faɗa. Sai ya gamsu zai dawo ya ba ka makullinka. Daga nan sunan ya kama shi, har na gaskiyar ya ɓace a unguwa. Masu gaggawa sun zage shi, sun rantse ba za su sake zuwa ba, kuma sun dawo, don motar da ta fito daga hannunsa ba ta kwana a hanya.

Ni dai ban taɓa ganin aibin wannan hali ba sai a kan jirgin yayansa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yayan nasa matuƙin jirgin sama ne. Ba manyan nan masu ɗaukar fasinja ba, ƙananan da ke feshin magani a manyan gonaki, suna bi ƙasa-ƙasa kamar za su shafi kan amfanin gona. A haka ya ƙare ƙuruciyarsa, har kamfanin ya rufe ya dawo gida da 'yar jakarsa da ciwon baya. Jama'a na ce masa Kyaftin, Zagaye na ce masa Yaya, shi kuma Auta yake kiran Zagaye, duk da furfura ta riga ta cinye kan Autan. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kama hannunsa ya kai shi koyon kanikanci. Saboda haka Zagaye, wanda ke yi wa manyan masu motoci tsawa in sun taɓa masa sifana, a gaban Yaya murya ƙasa yake magana.

Zaman gida bai karɓi Kyaftin ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aikin jinya a asibiti, sai ya share rumfar bayan gida, inda ake shanya, ya fara ƙera jirgi. Bututun ƙarfe ya yanka ya yi walda, fuka-fukan ya yi su da katako, ya lulluɓe da yadi mai ƙarfi ya shafe da farin fenti. Kujera ɗaya ce a ciki. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji, yara sun leƙa ta katanga har sun daina. Bayan 'yan shekaru jirgi ya tsaya da tayoyinsa, komai ya kammala sai hanci da ke fayau, ba inji. Injin jirgi na ainihi kuwa ba abin da ɗan fansho zai ko tambayi farashinsa ba ne.

Wata rana da hantsi Kyaftin ya shigo gareji, ya tsaya kan wata ƙaramar mota da tirela ta daka daga baya ta naɗe ta har tsakiya.

"Auta, wannan ta mutu?"

"Jikin ya mutu, Yaya. Injin ko tari bai yi ba."

"Shi nake so."

"Janareta za ka haɗa?"

"A jirgi za ka sa min."

Zagaye ya yi dariya, ya duba fuskar yayansa, ya haɗiye sauran dariyar. Ya ce, "Yaya, mota in ta ƙi, gangarawa ake gefen titi a buɗe bonet. A can sama ina gefen titin yake?"

"Shi ya sa na zo wurinka ban je wurin wani ba. Ana yi, ba ni na fara ba. Na ga waɗanda suka yi suka tashi lafiya, na kuma ga waɗanda suka yi na ganganci." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Akwai maganar da ban faɗa maka ba. Likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Daga gefe yake cin gani yana shigowa tsakiya. Yanzu ina gani, izinin tashina ma yana nan da rai har gwajin lafiya na gaba, ƙarshen damina. Wannan gwajin ba zan ci ba. Na sani, likitan ma ya sani. Sau ɗaya nake so in tashi da abin da na ƙera da hannuna, in zagaya fili in sauka. Shi ke nan, ba na neman ƙari."

Zagaye ya kira a kawo masa ƙugiyar ɗaga inji.

Ranar da suka kai injin rumfa, Kyaftin ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfen da ya raba hancin jirgi da wurin zaman matuƙi. Ya ce, "Daga wannan faranti zuwa gaba naka ne, ba zan sa maka baki ba. Daga nan zuwa jela nawa ne, kai ma kada ka sa min. Ranar da ka ce inji ya yi, ranar zan tashi. In ba ka ce ba, ba zan tashi ba." Kyaftin mutum ne da in ya faɗi magana ko za ta kashe shi ba ya janyewa, kuma wannan maganar ita ta ci shi.

To, aiki kam Zagaye ya yi shi, ba mai ƙwace masa wannan. Ya warware injin nan ƙusa-ƙusa, ya canza ringi da boris duk da ba abin da ya same su. Ya cire giyabos ya ajiye, ya cire duk wani tarkacen da mota ke buƙata jirgi ba ya buƙata, don a sama kowane nauyi abokin gaba ne. Injin mota yana juyi da saurin da farfelar jirgi ba za ta iya bi ba, sai ya haɗa ƙaramar fule, gargaren da bel ke hawa, a ƙasa da babba a sama, ya ɗaure su da faffaɗan bel mai haƙora, inji na gudu farfela na bi a hankali. Lagireto ya sauya masa wuri har sau ba adadi kafin ya samu inda iska ke dukansa sosai. Ya sa kwayil biyu da famfon mai biyu, in ɗaya ya yi gardama ɗayan ya karɓa. Kowane noti ya huda shi ya zura waya ya murɗe, yadda ko girgizar duniya ba za ta kwance shi ba. Masu motoci suka yi ta zarya a gareji ana ce musu Oga ya fita, wasu suka yi fushi suka janye motocinsu, ko a jikinsa.

Da rani ya yi nisa suka ɗora jirgin a bayan babbar mota, fuka-fuki a kwance, suka kai shi wani ƙaramin fili a bayan gari inda masu sha'awar ƙananan jirage ke taruwa. Titin tashin na ƙasa ne, jar ƙasa da aka daddaɓe, da rumfar kwano da 'yar bukkar mai gadi. Suka ɗaure jelar jirgi da igiyar ƙarfe a jikin turke, Zagaye ya shiga ya tayar, ya tura totur har ƙarshe. Jirgin ya yi ta fizgar igiya yana neman ƙwacewa, ciyawar bayansa ta kwanta. Haka suka yi ta yi, yau da gobe, su ƙona mai su kashe, su buɗe su duba, su sake. Allurar zafi ba ta wuce inda aka ce ta tsaya ba. Allurar bakin mai ba ta ko motsa ba. Jami'in da hukuma ta turo ya zo ya leƙa ko'ina da tocila, ya ja wannan ya girgiza wancan, ya ce ya yarda a gwada tashi. Kyaftin ya yi ta gudu da jirgin a kan titi, ya ɗaga jela, rannan har tayoyin suka rabu da ƙasa kamar tsawon kamu kafin ya mayar da su. Da ya fito, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke.

Amma akwai abin da ke cin Zagaye wanda bai faɗa wa kowa ba. Ba ya jin injin. Duk rayuwarsa da kunne da tafin ƙafa yake aiki, allurai a wurinsa ado ne na masu mota. A jirgin nan kuwa, da farfela ta fara yanka iska, ƙararta ke danne komai. Ya sa doguwar sukundireba a jikin inji ya kara kunne, rurin farfela kawai yake ji. Ya zauna a kujera ya lumshe ido, girgizar da ke zuwa masa ta farfela ce, ba ta inji ba. Kyaftin ya nuna masa allurai ya ce, "Ga su nan suna gaya maka lafiya lau." Ya gyaɗa kai kawai. Aikin da ya fi kowane aiki a rayuwarsa, wanda ran yayansa zai rataya a kai, shi ne kaɗai aikin da ba zai iya zagawa da shi ba.

Ranar tashi suka zo da sassafe, lokacin da iska ke kwance. Mutanen filin sun taru, ba yawa. 'Yar Kyaftin ta ƙi zuwa, ta ce ba za ta iya kallo ba. Kyaftin ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki wadda ta yi masa yawa yanzu, ya zagaya jirgi yana taɓa ko'ina, ya duba mai, ya motsa jela. Zagaye ya tayar da inji don ya ɗumama, ya bar shi ya yi zafi, ya kashe, ya zare makulli. Kyaftin ya miƙo hannu.

Hannun Zagaye ya tafi aljihu da kansa, kamar yadda ya saba.

"Auta?"

"Yaya, akwai 'yar ƙara da na ji."

Ƙarya yake. Wallahi bai ji komai ba, ta ina zai ji? Abin da ya gani shi ne yayansa cikin rigar nan mai yawa, da bishiyoyin da ke ƙarshen titi, sai zuciyarsa ta tsinke. Tsoro ne tsagwaronsa. Amma bakanike mai furfura ba ya cewa tsoro yake ji a gaban mutane, sai ya ce ya ji ƙara.

"Wace irin ƙara?"

"Can ciki. Ƙas-ƙas, kaɗan. Ba zan tantance ba sai na ji shi a titi."

"A titi kamar yaya?"

"In sauke shi in mayar a mota in zaga da shi. Kwana kaɗan ne."

Mutanen da ke wurin suka kalli juna. Wani tsoho mai ƙaramin jirgi ja ya buɗe baki zai yi magana, Kyaftin ya ɗaga masa hannu. Ya ja ƙanensa gefe, bayan fiffike, ya rage murya.

"Auta, saurare ni. Wahalar da injin nan ya sha a ɗaure a turke, ba titin da zai ba shi rabinta. Mota tana hutawa a gangara, tana hutawa a danja. Wannan ka tura shi har ƙarshe ka bar shi a can, bai ce uffan ba. Gwajin da ka yi masa ya fi na titi."

"Ban ji shi a ƙarƙashina ba, Yaya."

"Ka ga sararin can ta gabas? Hadari ya fara haɗuwa da yamma. In ruwa ya sauka a filin nan, ko akuya ba za ta yi gudu a kai ba."

"Kwana kaɗan ne."

Kyaftin ya daɗe yana kallonsa. Da ya so, da ya ce ba ni makullina, kuma Zagaye da ya bayar, don bai taɓa yi masa musu ba. Sai dai ya riga ya ce daga faranti zuwa gaba ba zai sa baki ba. Ya cire hular kansa ya naɗe ta ya sa a aljihu.

"To. Naka ne."

Kwana kaɗan, in ji shi! Injin da aka shafe watanni ana raba shi da mota, ai ba a rana ɗaya zai koma ba. Motar da aka ciro shi ta riga ta tafi wurin masu gwangwan, sai da ya nemo wata irinta da ta mutu a bayan garejin wani abokinsa. Wayoyin da ya yanke sai da ya sake ja. Kaskon bakin mai da ya sauya ya ƙi zama, yana dukan ƙarfen ƙasa. Giyabos ya ƙi shiga don ya rage kaurin fulawil, faifan ƙarfen da ke bayan inji. Salansa sai da aka ƙera sabuwa. Kullum Kyaftin zai zo gareji ya zauna a benci da kofin shayi, ba ya tambaya, ba ya ƙorafi, sai dai lokaci-lokaci ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakanin kwanon rumfa. Zagaye ya lura yanzu in zai dubi abu sai ya juya kansa gaba ɗaya, ba ya iya kallo ta wutsiyar ido. Ya lura, ya ƙara sauri, saurin kuma ya ƙara ɓata masa aiki.

Ranar da motar ta tashi, ya fita da ita shi kaɗai. Ya hau gada ya gangara, ya bi hanya mai gargada, ya fita bayan gari inda titi ya miƙe ya taka ta iya takawa. Ya kashe komai ya karkata kai. Kai, injin nan! Ba ƙas ba ƙis, sumul yake tafiya, tafin ƙafarsa na jin kowane fistin na hawa da sauka daidai. Bai taɓa haɗa inji mai daɗin wannan ba. Daɗi ya kama shi har yana dukan sitiyari yana dariya shi kaɗai kamar wawa. Ya juyo zai koma ya ce wa Yaya inji ya yi, gobe ma a tashi. Yana kan hanyar dawowa ɗigon farko ya faɗo a gilashin gaba, babba, sai na biyu. Motar ko waifa ba ta da shi. Ya leƙo da kai ta taga yana tuƙi, ruwa na dukan fuskarsa.

Daminar shekarar ba ta zo da wasa ba. Filin ya zama taɓo, motar da ta kai injin ma sai da aka turo ta. Zagaye ya mayar da inji a hancin jirgi cikin rumfar kwano ruwa na zuba a wuyansa, garin gaggawa ya ɗaure ƙarfen da ke riƙe babbar fule fiye da kima ya tsage, sai da aka aika wani gari aka yanko sabo. Da aka samu 'yan kwanaki ruwa ya ɗauke ƙasa ta ɗan bushe, sai aka ce tunda an sauke inji an mayar, dole jami'i ya sake dubawa. Jami'in kuwa an tura shi kwas. Kafin ya dawo ruwa ya dawo. Haka aka yi ta yi har ranar gwajin lafiya ta zo ta same su.

'Yarsa ce ta kai shi ta dawo da shi. Zagaye na zaune a ƙofar gidan yana jira. Kyaftin ya fito daga mota yana lalubar ƙofa, ya tsaya ya juya kai har ya samo ƙanensa.

"Sun ce in huta," ya ce. "Ka ci abinci?"

Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, a ranar ko bayanta. Da zagi ya yi, da Zagaye ya samu sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki 'yar ta biyo gareji da kayan aikinta a jiki, ta same shi a ƙarƙashin wata mota. Ta tsuguna ta gaishe shi, ya turo kansa waje.

"Baffa, zuwa na yi in yi maka godiya."

"Godiyar me?"

"Na san da gangan ka yi. Na san ba abin da ya sami injin, ka ja lokaci ne har damina ta shigo. Ni na kasa hana shi, in na yi magana sai ya yi dariya ya shafa kaina. Kai ka san yadda ka yi da shi. Allah ya saka da alheri, Baffa, ka bar min ubana."

Ta share hawaye ta tafi tana murna. Zagaye ya koma ƙarƙashin motar ya kwanta, sifana a ƙirji, bai ɗaure komai ba. Da ma dabara ya yi, da ya ce ya zaɓi ran yayansa a kan burinsa, ya riƙe wannan ya rayu da shi. Ba dabara ba ce. Shi da gaske ya ɗauka kwana kaɗan ne, da gaske ya ɗauka titi zai gaya masa abin da turke bai gaya masa ba. Ga shi ana yi masa godiya a kan abin da ya fi komai ƙona masa rai, kuma ya kasa buɗe baki ya ce ba haka ba ne.

Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, jami'i ya zo ya sake yarda. Idon Kyaftin kuwa a 'yan watannin nan ya yi saurin da likita ma bai zata ba. Abin da ya rage masa ɗan tsakiya ne, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Shi da kansa ya ce a kira wata malama da ke koyar da tuƙin jirgi a filin, wadda ya taɓa koya wa aiki tana yarinya, ya roƙe ta ta tashi da jirgin.

"Abu in an ƙera shi don sama, a bar shi ya je," ya ce wa Zagaye. "Ka ce inji ya yi?"

"Ya yi, Yaya."

"To zo ka kai ni."

Safiya ce mai kyau, ba iska. Malamar ta saurari bayanin Kyaftin tana cewa to Baba, to Baba, ta shiga ta ja bel ta ɗaure. Jirgin ya tafi ƙarshen titi ya juyo, ya yi ruri, ya taho. Jela ta ɗaga. Bai ci rabin titi ba ya rabu da ƙasa, ya haye bishiyoyin nan da tazara mai yawa, ya yi sama abinsa kamar ya saba.

Mutane suka yi tafi. Kyaftin na tsaye yana juya kai hagu da dama, yana bin ƙara, yana neman ɗan farin abu a cikin sararin da ya yi masa faɗi.

"Ina yake? Auta, ina yake?"

Zagaye ya koma bayansa, ya kama kansa da hannu biyu, hannuwan nan masu baƙin mai a farce, ya ɗaga shi ya karkata a hankali.

"Ga shi can. Saitin hancinka."

"Na gan shi." Jirgin ya sha kwana. "Ya fita daga idona."

Zagaye ya sake juya masa kai. Haka suka tsaya a tsakiyar fili, tsofaffi biyu, ɗaya na juya kan ɗaya, jirgi na zagaye suna binsa. Hannun daman Kyaftin kuwa na gabansa a dunƙule, yana ɗan karkata shi duk lokacin da jirgin zai sha kwana, bai ma san yana yi ba.

Malamar ta sauka lafiya, ta fito tana dariya, ta ce ba ta taɓa zaton injin mota zai ja haka ba, allura ko ɗaya ba ta yi gardama ba. Aka kewaye Zagaye ana ba shi hannu, tsohon nan mai jan jirgi har yana cewa zai kawo masa nasa. Ya karɓi hannuwan bai san me yake amsawa ba.

A hanyar gida shi ke tuƙi, Kyaftin na gefe ya jingina kai. Sai da suka tsaya a danja Kyaftin ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, rannan da safe, me ka ji a injin?"

Zagaye ya riƙe sitiyari. Ya nemi ƙaryar da ya yi a wancan karon, ya ga ba zai iya ɗaga ta ba.

"Ban ji komai ba, Yaya."

"Na sani. Ina tsaye kusa da kai, kuma kunnena lafiyarsa lau."

"To me ya sa ba ka karɓi makullin ba?"

"Na ce naka ne. Da ka ce min tsoro kake ji, da na gaya maka yadda ake yi da shi. Ni ban taɓa tashi babu shi ba, ko sau ɗaya. A gefena yake zama mu tafi mu dawo. Wannan na san gyaransa. Amma ka ce inji, inji kuma ba ni da baki a kai."

Danja ta ba da hannu. Na baya suka fara matsa ham, wani ɗan tasi ya zagayo yana zagi ta taga. Zagaye na zaune, idonsa ya cika har ba ya ganin titi sosai, ƙafarsa a kan birki.

"An ba mu hannu ko?" Kyaftin ya tambaya. "Ina jin suna ham. Mu je, Auta."

Ya sa giya suka tafi.